Kaskon Gwaggo Asabe a Runka

Tun da na dawo daga Batsari da Safana ban huta da tambaya ba. A wurin aiki ana tare ni a baranda, a gidan suna ana jawo ni gefe, wasu kuma su kira waya su yi doguwar gaisuwa kafin su iso inda za su: yaya hanya, kin ga 'yan bindiga, me kuka gano. Amsar ta tsakiyar gajeriya ce, ban gan su ba. Sauran biyun suna da tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi, ni nake gabatar da shirin kiwon lafiya a wani gidan rediyo a Katsina. A Batsari aka haife ni, amma kafin wannan tafiya na yi shekara huɗu ban wuce cikin gari zuwa ƙauyuka ba. Wanda ya ja ni shi ne Dakta Sanusi, malamin kimiyyar sinadarai a jami'a, wanda ya taɓa zuwa shirina a matsayin baƙo. Aikinsa auna abin da wuta ke bari a jikin abinci: hayaƙin da ke manne wa tsire da ganda, man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, da gefen ƙosai ko dankali da ya ƙone. Yana so ya tattara samfur daga kasuwanni da gidaje ya kai ɗakin gwaji. Matsalarsa ɗaya ce. Yawancin suyar yankin a cikin gida ake yin ta, shi kuma namiji ne, iyakarsa zaure.

Na amsa masa da wuri, don ina da nawa dalilin. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, tana aure a Runka. Tun da zuwa gona ya gagari mijinta, suyar awara da ƙosai ce ke riƙe da gidan, ita da shi da jikoki biyar. Labari ya zo mini cewa itace ya yi mata wuya, da tsofaffin takalman roba take hura wuta. Ina so in san ko abin da take sayarwa yana cutar da mutane. Na kuma san cewa idan yana cutarwa, bakin da zai faɗa wa jama'a nawa ne, sana'ar da za ta mutu kuma tata ce.

Mun tashi daga tasha da hantsi. Yanzu ba a sammako a wannan hanya, ba a kuma bari yamma ta yi. Direba ya cika mota ya zauna, sai da ya kira wani abokinsa da ya riga mu fita, ya ji ya sauka lafiya, sannan ya tayar. Gardamar farko a kan kula aka yi ta. Dakta ya zo da babbar kula cike da ƙanƙara da kwalabe, direba ya ce a saka ta a but kusa da jarkar fetur ɗinsa. Dakta ya ce ko warin fetur ne ya shiga, aikin ya lalace. Daga ƙarshe ya ɗora ta a cinya, haɓarsa a kan murfin, haka ya tafi har Batsari.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta daɗe tana kallon kular, sannan ta ce, "Malam, riga-kafi ne?"

"A'a, Hajiya. Abinci za mu saka."

"To ai ban ji ƙamshi ba."

"Ba mu saya ba tukuna."

"Ka ɗauko kula tun daga Katsina za ka sayi abinci a Batsari? Ɗan nan, an juya maka labari. Can ake kai wa yanzu."

Motar ta ɗauki dariya. Dakta ya jira aka gama, sannan ya yi mata bayanin da na ji ya maimaita sau da yawa a kwanakin da suka biyo baya. Ya ce tambayoyi uku yake bi: me ke cikin abincin, nawa mutum yake ci kuma sau nawa, sannan shi mai cin nauyinsa nawa. Ba a cewa abu yana da haɗari sai an haɗa ukun. Dattijuwar ta ce ita tambaya ɗaya take bi, akwai ko babu.

A Batsari mun fara da gaisuwa, kamar yadda ya kamata: ofishin lafiya, mai unguwa, sarkin fawa. Wajen maza aikin bai yi wuya ba. Dakta yakan tsaya kamar kowane mai saye, ya nuna tsinken da yake so, ya karɓa, ya naɗe a takardar alminiyam, ya rubuta lamba. A bayan mahauta mun tarar ana babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, hayaƙin har ɗaci yake a maƙogwaro. Mai babbakar bai ɓoye komai ba. Ya ce taya ɗaya tana yi masa aikin wuni guda, kuma itacen ma wa zai shiga daji ya saro masa. Dakta bai yi masa wa'azi ba. Ya sayi ƙafa ɗaya.

Ni kuma na ɗauki kwalabe shida na shiga gidaje. A gidan farko na yi sallama na ce, "Ina wuninku?" Matar da ke tsugune gaban kasko ta ɗago kai.

"Sake faɗa."

"Ina wuni?"

"Wallahi ita ce. Ladidi, fito ki ga mai shirin lafiya."

Kafin in zauna an shimfiɗa sabuwar tabarma, an kawo ruwa a kwano mai murfi. Na yi bayani cewa ƙosai kaɗan nake so da ɗan man da ake suya da shi. Ta ce wannan ai ba komai ba ne, in ɗan jira ta. Ta sauke kaskon ta shiga da shi ɗaki, ta fito da shi a goge. Ta zuba mai daga sabuwar kwalba. Ta kashe wutar da na tarar, ta jawo itace uku daga ƙarƙashin rumbu ta hura wata. Duk wannan a gabana aka yi, kuma abin da kawai ya zo mini a rai shi ne matar nan tana da tsabta. Haka aka yi a gida na biyu har zuwa na shida, da ɗan bambanci kaɗan.

Bayan la'asar Dakta ya jera kwalaben a zauren gidan yayana, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a haske.

"Hajiya Rabi, man nan ya fi wanda ake girki da shi a gidana kyau."

"To alhamdu lillahi."

"Duk shidan?"

Matar yayana, wadda ta kawo mana ruwa ta tsaya daga bakin ƙofa, ta kasa riƙe dariya.

"Yo wa zai ba baƙuwa ƙosan kasuwa? Balle ke da za ki je ki faɗa a rediyo. Ko ni ce haka zan yi."

Ranar farko ke nan. Na wuni ina auna karamcin mutanen Batsari, kuma ya fito fes.

A gidan yaya na kwana, Dakta kuma wani malamin sakandare ya ba shi katifa a ɗakinsa. Gidan namu ya cika da dangin da suka baro ƙauye. Ɗakin da na tashi a ciki mu bakwai muka kwana, kowa da ƙullin kayanta a matsayin matashi. An yi tuwon dawa da miyar kuka, babu nama, amma daddawa ta ji, kuma na ci fiye da yadda nake ci a gidana. A Katsina idan ka yi baƙo ka ba shi lemon kwalba ka kunna masa talabijin, ka fita hakkinsa. A nan wadda ta baro gidanta da tukunya ɗaya ita ke turo miki tsakiyar malmala tana cewa ba ki ci komai ba.

Washegari muka hau babura zuwa Wagini, an ɗaure kular da roba a bayan na uku. Na zo da dabara. Na ari niƙabi, na ƙudurta ba zan buɗe baki ba, tunda muryar ce ke tona ni. Na sami wata mai ƙosai a ƙofar gidanta, na miƙa kuɗi, na nuna kwando da yatsa.

"Baiwar Allah, ba gaisuwa?"

Na girgiza kai.

"Ba ki magana?"

Na sake girgizawa.

"Allah sarki. Bebiya ce," ta gaya wa maƙwabciyarta. Ta ture na cikin kwandon gefe, ta jira sabon zubi, ta tsamo waɗanda suka fi kyau tun ba su yi duhu ba, ta ƙara mini gyara, ta mayar mini da kuɗina cikin tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai. Na koma wurin Dakta da ƙosan da ya fi na jiya kyau. Ya duba, ya ce wannan kam mu ci kawai. Muka ci.

Shi ma nasa aikin bai tafi daidai ba da farko. Ya zauna a gindin wata bishiya ya ajiye sikeli ya buɗe littafi, kafin ya gama rubuta kwanan wata layi ya kai bakin masallaci. A shekarun nan duk baƙon da ya buɗe littafi a ƙauye, sunayen tallafi yake ɗauka. Matar farko da ya tambaya sau nawa take cin ƙosai a mako ta ce rabonta da shi tun kafin damina, alhali maiƙo yana ƙyalli a yatsunta. Duk matan da suka biyo ta haka suka ce, ba sa cin komai. Maza kuwa, da yake abokansu na jin su, sai suka bi ɗaya hanyar. Wani mai suna Mamman ya ce shi tsire kullum ne.

"Kai Mamman," in ji na bayansa, "tsinken kake tsotsa?"

Dakta ya rufe littafin ya miƙe. Ya ce shi malamin makaranta ne, bai zo da shinkafa ba, ba ya ɗaukar suna, kuma babu abin da zai biyo bayansa. Fiye da rabin layin ya watse, ba tare da wani ya yi fushi ba. Ga waɗanda suka rage ya sauya tambayar. Ya daina cewa sau nawa a mako, ya koma cewa, jiya me ka ci, tun daga safe. Wannan mutane suna iya amsawa, kuma idan mutum ya manta, maƙwabcinsa yana tuna masa.

Sikelin ma ya sha nasa. Wata tsohuwa ta ce ita ba buhun wake ba ce da za a auna ta a gaban jama'a. Aka lallashe ta ta hau, da aka gaya mata nauyinta ta ce sikelin ƙarya yake, a zamanin mijinta ta fi haka. Can sai ga wani manomi ya zo da jakinsa da buhun wake na gaske, yana so a duba masa kafin ya kai wa ɗan kasuwa. Dakta ya auna masa.

Iyakar Batsari da Safana ba ta da allo a hanyar da muka bi. Igiya ce aka gitta tsakanin itatuwa biyu, da 'yan sintiri biyar a inuwa. Babbansu, mai furfura a gemu, ya ce a buɗe kula. Ya daɗe yana kallon ƙunshe-ƙunshen.

"Nama da lamba?"

Dakta ya sake bayanin tambayoyinsa uku, idonsa a kan ƙanƙarar da ke narkewa. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna masarar da suke gasawa a kan rabin ganga, ya ce wannan fa. Dakta ya ce su bari harshen wuta ya mutu su gasa a garwashi, wurin da ya yi baƙi kuma su kankare.

"Garwashi sai mai natsuwa, Malam," in ji shi. "Mu da ido ɗaya muke gashi, ɗayan yana daji."

Ya sauke mana igiya, ya ba mu masara biyu, ya zaɓo waɗanda ba su ƙone ba.

Mun shiga Safana ƙanƙararmu ta kusa zama ruwa, waya kuma babu sabis. Aka nuna mana gidan wasu malamai masu Islamiyya, inda suke da firji mai aiki da hasken rana. Uwargidan, Malama Hafsatu, ta cika mana kular, ta ce kuma ba inda zan kwana sai ɗakinta, Dakta ya sauka a zauren Malam. Ta dama mini fura, tana ba da haƙuri cewa nonon kaɗan ne, masu kawowa ba su cika zuwa ba yanzu. Da na ba ta labarin kwalabe shida da niƙabi, ta yi dariya har ta ajiye ludayi.

"Ai muddin ke baƙuwa ce, ba za ki ga kaskon kowa ba. Ki je inda ba a yi miki kara."

"Gobe za ni wurin gwaggona a Runka."

"Gwaggo?" ta ce. "To ita za ta fi kowa."

Mun so mu biya ta Babban Duhu, direban a-kori-kurar ya ce yau ba ranar can ba ce, ba mu tambaye shi dalili ba. Muka zauna a kan buhunan gero har Runka.

Gwaggo Asabe ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifiyarta aka saka mini. Uwata take ce mini. Ta rungume ni, ta tambayi mijina da yara ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da hanya, da mutanen Katsina, ta sake komawa kan yara. Mijinta, Baba Iro, ya zauna da Dakta a zaure. Sannan ta yi daidai abin da Malama Hafsatu ta faɗa: sabon mai, itace na gaske, awara mai launin zinariya da yaji a gefe. Wannan karon ban ce komai ba sai da na cinye. Ta yi daɗi ƙwarai.

"Gwaggo, ba wannan na zo nema ba."

"Na sani. Labarinki ya riga ki zuwa. An ce kina yawo da kwalba kina roƙon tsohon mai kamar mai haɗa magani."

Ta tashi, na bi ta bayan rumbu. Akwai tsibi ya kai gwiwa: silifas da suka tsinke, fasassun jarkoki, ledoji a dunƙule.

"Ga dajin da nike shiga yanzu," ta ce.

Ta nuna mini yadda take yanka silifa siriri-siriri, ta haɗa da ɗan kara ko kirare idan ta samu. Sannan ta ɗauko wani gwangwani daga ɗaki ta buɗe. Man da ke ciki ya yi kauri, launinsa kamar na shayin da aka manta a wuta.

"Yaushe rabon da ki zubar ki sa sabo?"

"Ba a zubda mai, Uwata. Ƙari ake yi. In ya ja baya in ƙara sabo bisa."

"To yaushe rabon da gwangwanin ya zama babu komai?"

"Tun azumi."

"Wane azumin?"

Ta harare ni. Muka koma tabarma. Na ce mata idan ta ba ni samfur ba zan faɗi sunanta ba.

"Mu nawa ne masu awara a Runka? In kin ce wata mata a Runka, kin ce Asabe. Ranar da kika faɗa, wa zai sake aiko da kwano? Iro da 'ya'yan ga mi za su ci?"

Na ce mata idan ba ta yarda ba zan tafi da kwalbata babu komai, kuma ba zan riƙe ta a rai ba. Da gaske nake. Sai ta tashi ta yafa mayafi ta nufi zaure, ni ina biye da ita.

"Sannu da zuwa, likita."

"Ni ba likita ba ne, Inna. Malamin makaranta ne."

"To malamin makaranta, abin ga kashe mutum shi ke yi?"

Na sha jin masana suna amsa irin wannan tambaya a shirina, wasu su tsorata mutane, wasu su lallashe su. Dakta bai yi ko ɗaya ba. Ya ce bai sani ba tukuna, shi ya sa ya zo. Abin da ya sani, ba irin gubar da za a ci yau a faɗi gobe ba ce. A hankali take aiki, shekara da shekaru, kuma tana cikin abubuwan da ke iya buɗe wa ciwon daji ƙofa. Ya ce wanda ke saye sau ɗaya a mako ba shi ne babbar damuwarsa ba. Damuwarsa mai ci kullum, musamman idan jikinsa ƙarami ne, sai kuma mai zama a kan hayaƙin.

"Hayaƙi nawa ne," in ji Gwaggo. "Wannan na yafe."

"Baƙin ɓarɓashin da ke kwanciya a ƙasan kasko fa, Inna, ina kike kai shi?"

Baba Iro ne ya amsa, cikin sakin fuska, don bai ga inda maganar ta dosa ba. "Ai wannan na yara ne. Shi ne karin kumallonsu, da koko. Har faɗa suke a kai."

Gwaggo ta gyara mayafinta ta koma ciki. Har rana ta faɗi ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ba ni labarin wanda ya yi aure, da wanda ya koma Dutsin-Ma, da akuyar da ta haifi uku.

Da gari ya waye na ji warin roba kafin in ga wutar. Ta ɗora kasko a ƙofar gida, ta juye gwangwanin nan a ciki, masu saye sun fara taruwa da kwanoni. Na matso da kwalabena.

"Ki koma baya ki bi layi," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Yau ke ba kowa ba ce."

Na bi layi. Duk lokacin da na iso gaba sai ta ce in ba na bayana wuri. Sai da ta sallami kowa, ta yi zubin ƙarshe, wanda mai ya riga ya gaji yana kumfa, sannan ta tsamo awara huɗu ta ɗora mini a takardar. Ta karɓi kwalba ta cika da hannunta. Ta sa matsami ta kwashe ɓarɓashin ƙasan kaskon gaba ɗaya, har wanda ya manne, ta juye mini. Jikokin suna tsaye da kofunan koko suna kallon karin kumallonsu zai tafi Katsina. Ta buɗe wani kwano da ta ɓoye a bayanta, ta ba kowannensu awara guda cikakkiya daga zubin farko.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce. "In abin ga ya fito, kafin ki faɗa ma duniya, ki zo nan ki faɗa mini. Ba a waya ba, ba ta bakin wani ba."

Na yi mata alkawari a gaban Baba Iro.

Komawarmu ba ta da labari, kuma a wannan hanya wannan shi ne labari mai daɗi. Dakta ya sake rungumar kularsa har Katsina. Daga baya ya sami mata biyu 'yan Batsari, waɗanda kowa ya saba ganinsu a layin ƙosai, su suka tattara masa sauran samfurin gidaje. Ni dai kwalba ɗaya tak na kawo mai amfani a kwana huɗu.

Bayan kusan wata biyu ya kira ni ofishinsa ya nuna mini takardu. Na sa ya maimaita mini da Hausa har sai da na tabbata zan iya faɗa ba tare da na ƙara ko na rage ba. Ranar Asabar na hau mota ni kaɗai, na sauka Runka kafin azahar.

Na gaya mata a tsakar gida, kamar yadda ta ce. Ɓarɓashin da tsohon man su ne suka fi muni, nesa ba kusa ba. Awarar kanta ba ta kai yadda muka ji tsoro ba, amma hayaƙin roba ya bar alama a jikinta. Shawarar Dakta ita ce yara su daina cin ɓarɓashi, ta riƙa tace mai da ƙyalle kowace rana, idan ya yi duhu yana kumfa ta cire shi daga kasko, ta jiƙa tsumma da shi ta riƙa kunna wuta, ya maye gurbin silifa.

Ta saurara har na gama, sannan ta kai ni bayan rumbu. Tsibin ya ragu sosai. Kusa da shi akwai buhu biyu na ɓawon gyaɗa da totuwar masara, ta ce ta shirya da mai injin ɓarar gyaɗa tun satin da muka tafi. Ɓarɓashi kuwa tun ranar ba wanda ya sake ci.

"Robar fa?" na ce.

"Ranar da ruwa ya jiƙa komai, ina sa ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na tambaye ta yadda take so in yi da shirin. Na ce zan iya cewa wani ƙauye a yammacin jiha, in tsaya nan.

"A'a. Ki ce Runka. In kina so ki ce Asabe. Amma ki fara da itace. Ki faɗa masu dalilin da ya sa babu shi. Ki ce mun san wutar itace, da ita aka haife mu, ba mantawa muka yi ba. In kin gama wannan, sannan ki zo kan kaskona."

Haka na yi. Na fara da itace, na ba shi kusan rabin lokacin, sannan na zo kan mai da ɓarɓashi da abin da mai suya za ta iya yi da abin da ke hannunta. Na faɗi Runka, na faɗi Asabe. Kwana uku ina jiran in ji abin da ya biyo baya, don sabis ɗinsu sai an hau tudu. A rana ta huɗu Baba Iro ya kira. Ya ce layi bai ragu ba, har wasu mata biyu sun zo tambayar inda ake samun ɓawon gyaɗa. Ya ce kuma Gwaggo ta ba shi saƙo, yana faɗa yana dariya. Wai ta ji shirin daga farko har ƙarshe, ba laifi, amma me ya sa na yi ta cewa awara, awara, ban gaya wa mutane tana yin ƙosai ma ba.